Yadda ake fara bincike kan jerin haruffa a kimiyyar kwamfuta

Duk lokacin da ka nemi wata kalma a cikin dogon fayil, ko wayarka ta gyara maka kuskuren rubutu, ko masanin ƙwayoyin halitta ya ɗauki guntun DNA yana neman gurbinsa a cikin haruffa kusan biliyan 3 na gadon halittar ɗan Adam, aiki iri ɗaya kwamfuta take yi: tana gwada jerin haruffa da wani jerin haruffa. Fannin ya daɗe, amma har yau ƙofarsa a buɗe take ga sabon shiga, domin ba ya neman babbar na'ura. Takarda da biro da kwamfutar da ke iya gudanar da harshen rubuta manhaja kamar Python ko C sun ishe ka ka fara aiki na gaske.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Kusan duk dabarar da ta yi suna a wannan fanni ta samu saurinta ne saboda ba ta zubar da abin da ta riga ta gani. An jera matakan nan ne don ka ga hakan da idonka, sannan ka koyi yadda ake auna shi.

Ga sunayen da za mu yi aiki da su. Dogon jerin da ake bincike a cikinsa shi ne rubutu, tsawonsa n. Gajeren da ake nema shi ne abin nema, tsawonsa m. Yankin da ya faro daga farkon jeri goshi ne, wanda ya dire a ƙarshensa kuma ƙeya. A kalmar "karatu", "kar" goshi ne, "atu" ƙeya ce. Ƙirgar gurbi daga 0 take farawa.

Mataki na farko: tantance abin da kake kira harafi

Masu gaggawa sukan tsallake wannan, daga baya su yi ta mamakin sakamakon da ya ƙi yin daidai. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsohon tsarin ba haruffa lamba mai suna ASCII alamomi 128 kawai gare shi, kowace tana shiga bayit ɗaya, wato ƙaramin ma'aunin ajiyar bayanai a kwamfuta. Tsarin UTF-8 kuwa, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992 kuma shi ya mamaye intanet yanzu, yana ba alama bayit ɗaya zuwa huɗu. Saboda haka kalmar "ƙasa" haruffa huɗu ce a ido amma bayit biyar ce a fayil, don ƙ kaɗai ta ci biyu. In manhajarka bayit take ƙirgawa alhali kai haruffa kake nufi, gurbin da za ta ba ka zai goce.

Akwai matsalar da ta fi wannan ɓuya. Ana iya ajiye à a matsayin alama ɗaya, ana kuma iya ajiye ta a matsayin a, sannan alamar da ke samanta ta biyo baya daban. A allo ba ka iya bambance su, a wurin kwamfuta kuwa jeri biyu ne mabambanta. Maganin shi ne ka mayar da rubutu da abin nema duka zuwa siga ɗaya kafin ka taɓa komai, kuma sigar da Unicode, tsarin ba haruffan duniya lamba, ta kira NFC ita aka fi amfani da ita. Batun babban baƙi da ƙarami ma yana da nasa tarkon: ß na Jamusanci yana komawa SS, haruffa biyu, in an mayar da shi babba, Turkanci kuma yana da i mai ɗigo da marar ɗigo, kowanne da nasa babban baƙin.

Ka zauna ka rubuta shawararka a layi uku: bayit nake ƙirgawa ko alama, wace siga na zaɓa, kuma ina bambanta babban baƙi da ƙarami ko a'a. Ka kuma rubuta yawan haruffan da rubutunka ke iya ƙunsa. DNA huɗu ne da shi, furotin ashirin, fayil na bayit 256. Wannan adadin zai yi tasiri sosai kan wace dabara za ta yi nasara a gaba.

Mataki na biyu: rubuta hanya mafi sauƙi, ka mayar da ita ma'auni

Ka ɗora abin nema a gurbi na 0, ka gwada harafi da harafi daga hagu. In ka kai ƙarshe babu saɓani, ka samu. In an samu saɓani, ka matsa gurbi ɗaya ka sake daga farko. Layi biyar ko shida ne a Python. Ka ƙara masa abu ɗaya: ma'ajin ƙirga da zai riƙa ƙaruwa da ɗaya duk lokacin da aka gwada harafi da harafi.

Kada ka raina wannan hanya. Sauƙinta ya sa da wuya ka yi kuskure a cikinta, don haka da ita za ka duba gaskiyar duk wata dabara da za ka rubuta nan gaba. Kuma a rubutun yau da kullum tana da sauri, domin galibi a harafi na farko ko na biyu ake samun saɓani.

Yanzu ka nemo inda take durƙushewa. Ka ƙirƙiri rubutu na harafin a sau miliyan 1, abin nema kuma a sau 999 sannan b guda a ƙarshe. A kowane gurbi sai an gwada haruffa 1,000 kafin a gano ba a dace ba, jimilla kusan gwaji biliyan 1. Ka dubi abin da ke faruwa da kyau: hanyar ta karanta a sau 999, ta san su, amma da ta matsa gurbi ɗaya sai ta manta, ta sake karanta 998 daga cikinsu.

Mataki na uku: yi dabarar Knuth, Morris da Pratt da hannunka

Donald Knuth da James Morris da Vaughan Pratt sun wallafa wannan dabara a 1977. A nan nake so ka daɗe, domin wanda ya fahimce ta da biro sauran fannin zai zo masa da sauƙi.

Bari abin nema ya zama "tantabara", rubutu kuma "tantantabara". Ka fara da hanya mai sauƙi. Haruffa biyar na farko, t a n t a, sun dace. A gurbi na 5 rubutu yana da n, abin nema yana da b. Saɓani. Hanya mai sauƙi za ta koma gurbi na 1 ta gwada, ta faɗi, ta gwada na 2, ta faɗi, sannan a na 3 ta karanta haruffa tara. In ka ƙirga, gwaji 17 ke nan.

Amma a lokacin da aka samu saɓanin, mun riga mun san haruffa biyar da suka wuce "tanta" ne. Tambayar ita ce: wane goshi mafi tsawo na "tanta" ne kuma yake ƙeyarta, ban da ita kanta kalmar gaba ɗaya? Amsa "ta", haruffa biyu. Ke nan "ta" ɗin da muka gama karantawa a rubutu zai iya zama farkon sabon dacewa. Sai mu zame abin nema har "ta" na goshinsa ya hau kan wancan, mu ci gaba da gwada n na gurbi na 5 da harafi na uku na abin nema, wanda shi ma n ne. Ya dace, sauran t a b a r a ma sun dace. An samu kalmar a gurbi na 3 da gwaji 13, kuma ba mu taɓa komawa baya a cikin rubutu ba ko sau ɗaya.

Abin da ya kamata ka lura da shi: amsar waccan tambaya ba ta dogara da rubutu ba, da abin nema kawai ta dogara. Don haka ana iya shirya ta tun kafin a fara. Ga kowane goshi na abin nema, ka rubuta tsawon goshi mafi tsawo da yake kuma ƙeyarsa. Ga na "tantabara":

t a n t a b a r a
0 0 0 1 2 0 0 0 0

Ƙa'idar neman sai ta zama haka. In harafi ya dace, ka matsa gaba a rubutu da abin nema tare. In bai dace ba kuma ka riga ka dace da haruffa j, ka duba lambar da ke ƙarƙashin harafin ƙarshe da ya dace, ka mayar da j ita, ka sake gwada harafin rubutun da kake kai. In j ya koma 0 kuma har yanzu babu dacewa, ka matsa gaba a rubutu.

Me ya sa take da sauri? Kowane gwaji ko dai ya matsar da kai gaba a rubutu, ko ya zamar da abin nema gaba. Kowanne daga cikin biyun ba zai wuce sau n ba, don haka gwaje-gwajen ba za su haura 2n ba. A misalin harafin a sau miliyan 1, biliyan 1 ta koma miliyan 2 ko ƙasa. Ka rubuta wannan hujjar da kalmominka a takarda. Irin wannan ƙirga, inda ake duba jimillar aikin maimakon tsadar mataki ɗaya, za ka yi ta haɗuwa da ita a takardun bincike. Bayan haka ka shirya jadawalin "abaababa" da hannu, sannan ka rubuta manhajar da za ta shirya shi. Za ka tarar cewa shirya jadawalin ma neman abin nema ne a cikin kansa.

Mataki na huɗu: san sauran hanyoyin, ka rubuta biyu daga ciki

A shekarar 1977 ɗin dai Robert Boyer da J Strother Moore suka zo da wata hikima: a fara gwadawa daga ƙarshen abin nema. In kana neman "tantabara" kuma harafin rubutun da ke daidai da ƙarshensa k ne, to babu k ko ɗaya a abin nema, sai ka tsallake gurbi tara gaba ɗaya ba tare da ka kalli haruffan da ke tsakani ba. Nigel Horspool ya sauƙaƙa ta a 1980, kuma sigarsa nake ba ka shawara ka fara rubutawa. Tana haskakawa in haruffa suna da yawa kuma abin nema dogo ne. A kan DNA tsallen yakan gajarce, domin haruffa huɗun nan kusan kullum suna nan kusa da ƙarshen abin nema.

Richard Karp da Michael Rabin, a 1987, sun mayar da kowane yanki mai tsawon m lamba guda, suna gwada lamba da lamba. Daɗinta shi ne lambar yanki na gaba daga ta baya ake samo ta. A jerin 31415, yankin farko mai lamba uku 314 ne. Cire 300, ninka da 10, ƙara 1, ka samu 141, yanki na biyu. A aikace ana raba lambar da wata babbar lamba a riƙe ragowar don kada ta kumbura, kuma hakan na sa yanki biyu mabambanta su iya samun lamba ɗaya. Don haka duk inda lambobi suka dace sai ka tabbatar harafi da harafi. Wanda ya bar wannan tabbatarwar ya rubuta manhajar da za ta yi ƙarya wata rana.

In kalmomi dubbai kake nema a lokaci ɗaya, dabarar Alfred Aho da Margaret Corasick ta 1975 ita ce taka: ana haɗa kalmomin duka a bishiya ɗaya, a bi rubutun sau ɗaya tak. Akwai kuma ta Crochemore da Perrin ta 1991, wadda ba ta cin ma'adana sai kaɗan. Ita ɗakin manhajojin harshen C mai suna glibc ke amfani da ita, Python ma ta ɗauke ta don dogayen jeri daga siga ta 3.10.

Mataki na biyar: in rubutu zaune yake, shi za ka shirya

Duk hanyoyin da suka gabata abin nema suke shiryawa, sannan su karanta rubutun daga farko zuwa ƙarshe. To in rubutun ɗaya ne ba ya canzawa, tambayoyi kuma miliyoyi ne fa? Karanta haruffa biliyan 3 sau miliyan ba abin yi ba ne. A nan sai a juya lamarin: a yi wa rubutun fihirisa sau ɗaya.

Ɗauki kalmar "babba". Rubuta duk ƙeyoyinta da gurbin da kowace ta faro: babba 0, abba 1, bba 2, ba 3, a 4. Jera su bisa tsarin abjadi: a, abba, ba, babba, bba. Lambobinsu sun zama 4, 1, 3, 0, 2, kuma wannan jerin lambobin shi ne jadawalin ƙeyoyi da Udi Manber da Gene Myers suka gabatar a 1990. Duk inda abin nema ya bayyana a rubutu, to goshi ne na wata ƙeya, kuma ƙeyoyin da suka fara da abu ɗaya a jere suke zama. Nemi "ba": ga "ba" da "babba" kusa da juna, wato gurbi na 3 da na 0. Neman kansa kamar duba kalma a ƙamus ne: ka buɗe tsakiya, ka ga ko gaba za ka yi ko baya, ka sake raba abin da ya rage biyu. Rubutu mai haruffa biliyan 1 rabawa kusan 30 ta ishe shi.

Ka fara gina jadawalin ta hanya mai sauƙi, wato ka jera ƙeyoyin da manhajar jerawa ta yau da kullum, ka ajiye shi a matsayin ma'auni. Hanyoyin da ke gina shi kai tsaye cikin lokacin da ke tafiya daidai da n sun fito a 2003, ciki har da ta Kärkkäinen da Sanders, sai SA-IS a 2009. Kafin jadawalin akwai bishiyar ƙeyoyi, wadda Peter Weiner ya fara a 1973, Esko Ukkonen ya kawo hanyar gina ta harafi bayan harafi a 1995. Tana da ƙarfi, sai dai tana cin ma'adana sosai. Ni a ganina sabon shiga ya fara da jadawali.

Shi ma jadawalin ba kyauta ba ne: bayit huɗu ga kowane harafi, wato gigabayit 12 ga gadon halittar ɗan Adam. Ga yadda aka rage shi. Ƙara alamar $ a ƙarshen "babba", ka ɗauke ta a matsayin wadda ta riga kowane harafi. Jera ƙeyoyin kamar ɗazu, sannan ga kowace ka rubuta harafin da ya gabace ta a rubutu, in ita ce ta farko ka sa $. Za ka samu abbb$a. Dubi yadda b uku suka taru wuri ɗaya. Wannan shi ne juyin da Michael Burrows da David Wheeler suka wallafa a 1994, wanda bzip2 ke matse fayil da shi, kuma ana iya dawo da asalin rubutun daga gare shi ba tare da an rasa komai ba. A 2000 Paolo Ferragina da Giovanni Manzini suka nuna cewa ana iya yin nema a cikin wannan matsattsen jerin kai tsaye. A kan haka aka gina Bowtie da BWA a 2009, manhajojin da suka sa jera guntayen DNA ya yiwu a kwamfuta mai gigabayit kaɗan.

Mataki na shida: neman abin da ya yi kama, ba sai daidai ba

Mai rubutu yana kuskure, na'urar karanta DNA ma tana yi. Vladimir Levenshtein ya ba da ma'aunin wannan a 1965: mafi ƙarancin adadin gyara, wato saka harafi, cire harafi ko musanya harafi, da zai mayar da jeri ɗaya ya koma ɗayan. Ana lissafa shi da tebur, kamar yadda Wagner da Fischer suka bayyana a 1974.

Gwada da "kare" da "kura". Zana tebur mai layi biyar da ginshiƙi biyar. Layin sama 0 1 2 3 4, ginshiƙin hagu ma haka. Sauran layuka huɗu na haruffan "kare" ne, sauran ginshiƙai huɗu na haruffan "kura". Kowane gida da ya rage, ka ɗauki mafi ƙanƙanta cikin uku: na samansa da ƙarin 1, na hagunsa da ƙarin 1, ko na kusurwar sama ta hagu da ƙarin 1 in haruffan sun bambanta, ba ƙari in ɗaya ne.

0 1 2 3 4
1 0 1 2 3
2 1 1 2 2
3 2 2 1 2
4 3 3 2 2

Gidan ƙarshe ya ba da 2: a ta koma u, e ta koma a. A nan ma ba a zubar da komai ba, kowane gida a kan amsar maƙwabtansa uku ya tsaya. Hanyoyin Needleman da Wunsch na 1970 da na Smith da Waterman na 1981, da masu nazarin halitta ke jera DNA da furotin da su, wannan teburin ne da wani salon ba da maki.

Nauyinsa n sau m ne. Jeri biyu masu haruffa 100,000 kowanne za su ci gida biliyan 10. In adadin kawai kake so, layi biyu na teburin sun isa ka riƙe a ma'adana. In kuma ka san gyaran ba zai wuce k ba, ka cike gidajen da ke kusa da layin kusurwa kawai, nisan k ta kowane gefe. Amma kafin ka ɗaura aniyar gano hanyar da za ta karya wannan nauyi ga kowane irin jeri, ka san cewa a 2015 Arturs Backurs da Piotr Indyk sun nuna yin hakan sosai zai rushe wani babban zato na ilimin wahalar lissafi da ake kira SETH. Shi ya sa masu bincike suka fi karkata ga amsar kusa da daidai, ko jerin da suka riga suka yi kama da juna.

Wani gargaɗi a gefe, tunda da yawa sukan ruga ga regex, wato rubuta ƙa'idar da ke siffanta abin da ake nema, da zarar nema ya ɗan rikice. Injinan da ke aiki ta hanyar gwadawa da komawa baya, irin na Python da Perl, suna iya faɗawa aikin da ke ninkuwa da kowane ƙarin harafi in an rubuta ƙa'ida mai maimaici cikin maimaici. Ken Thompson ya nuna hanyar da ba ta da wannan aibu tun 1968, kuma injin regex mai suna RE2 a kanta yake. In rubutun daga hannun mutanen da ba ka sani ba zai zo, ka zaɓi injin da ke da tabbacin lokaci.

Mataki na bakwai: gwada gaskiya, sannan ka auna sauri

Nan ne aikin ɗalibi ke rabuwa da aikin mai bincike, kuma gaskiya ce take fara zuwa. Ka sa kwamfuta ta ƙirƙiro duk jerin da za a iya yi da a da b har tsawon 10, su 2,047 ne in an haɗa da wanda ba komai a cikinsa. Ka gwada kowace dabara a kansu, ka kwatanta amsarta da ta ma'auninka. Haruffa biyu aka zaɓa da gangan, domin su suka fi haifar da maimaici, kuma a cikin maimaici kurakurai ke ɓuya. In an samu bambanci, ka nemo mafi gajeren misalin da ya faɗi ka bi shi da biro.

Ka kuma gwada bakin iyaka: abin nema da ba komai a cikinsa, wanda ya fi rubutu tsawo, wanda yake a gurbin ƙarshe, da dacewar da ta hau kan juna. "aa" sau nawa take cikin "aaaa"? Uku ne in ana yarda su hau juna, amma umarnin ƙirga na Python biyu zai ce maka. Ka yanke wanne kake nufi tun kafin ka kwatanta.

Sai awo. Ka tanadi rubutu iri uku. Na farko na gaske: rubutun harshe, DNA, lambar manhaja. Tarin Pizza&Chili, da masu bincike na Pisa a Italiya da Santiago a Chile suka haɗa, an yi shi ne don wannan. Na biyu wanda aka ƙirƙira da ka, da haruffa 2, 4, 20 da 256. Na uku na mugunta, wanda aka gina don ya wahalar da dabara, kamar harafi ɗaya da aka maimaita, ko jerin Fibonacci inda kowane jeri haɗin biyun da suka gabace shi ne: a, ab, aba, abaab, abaababa.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda. Riƙe m, ka riƙa ninka n. Sannan riƙe n, ka ninka m daga 2 har 1,024. Kowane awo ka maimaita shi sau da yawa, ka jefar da zagayen farko, ka jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba ka ɗauki na tsakiya maimakon matsakaici, wato jimilla a raba da yawan awo, domin zagaye ɗaya da wani aiki ya katse yana iya ɓata matsakaici. Kada ka haɗa lokacin karanta fayil da lokacin nema, kuma ka ware lokacin shiri daban. In ninka n ya ninka lokaci sau biyu, dabarar tana tafiya daidai da tsawo. In sau huɗu ne, akwai n sau n a ɓoye.

Ka rubuta lokaci da adadin gwaji duka biyu, domin ba kullum suke tafiya tare ba. Za ka iya tarar da hanya mai sauƙi ta riga ta Knuth, Morris da Pratt a rubutun harshe, duk da hujjar 2n. Ba kuskure ba ne. Injin kwamfuta na zamani yana iya gwada bayit 16 ko 32 a bugu ɗaya, yana son karatu a jere, kuma yana jinkiri in ana tsalle nan da can a ma'adana. Hujja tana ba ka tabbacin ranar da abu ya ɓaci, awo yana gaya maka abin da ke faruwa a kullum, kuma rahoto mai kyau yana kawo su biyun. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka gwada dabarar da ka rubuta da Python zalla da umarnin neman da ke cikin harshen, wanda da C aka rubuta shi. Wannan harsuna ka auna, ba dabaru ba.

Mataki na takwas: zaɓi tambayarka

Ka leƙa takardun tarukan CPM da SPIRE na 'yan shekarun nan, su ne manyan dandalin wannan fanni. Kada ka fara da karanta hujjoji. Ka karanta gabatarwa, ka rubuta a layi ɗaya mece ce matsalar, mene ne mafi kyawun sakamako kafin takardar, me ta ƙara. Daga nan ka ɗauki ƙaramin jeri ka bi dabarar da hannu, kamar yadda muka yi da "babba".

Wurin da nake ganin akwai aiki mai yawa shi ne tarin rubutu mai yawan maimaici: gadon halittar dubban mutane da bambancinsu kaɗan ne, ko duk sigogin da fayil ɗaya ya bi a tarihinsa. A irin wannan tari juyin Burrows da Wheeler yana fitar da dogayen layukan harafi ɗaya, kuma a 2018 Gagie da Navarro da Prezza sun gina fihirisar da girmanta ya dogara da yawan waɗannan layukan, ba da tsawon rubutun ba. Akwai kuma tambayoyin rubutun da ke canzawa bayan an yi masa fihirisa, da na harsunan da alamominsu ke cin bayit fiye da ɗaya, inda yawancin gwaje-gwajen da aka saba ba su mayar da hankali ba.

Aikinka na farko ya zama maimaita jadawalin sakamako ɗaya daga wata takarda, da bayanan da ta yi amfani da su. In lambobinka sun bambanta da nasu, ka bi dalili ɗaya bayan ɗaya: girman haruffa, tsawon abin nema, irin injin, saitin da aka harhaɗa manhajar da shi. Sau da yawa tambayar bincike daga wannan bambancin take fitowa. Duk awon da ka yi, ka ajiye shi tare da sigar manhajar, sunan fayil ɗin bayanai, irin injin da girman ma'adanarsa, da lambar da ka ba injin da ke ƙirƙiro jeri da ka, a babban fayil ɗaya mai umarni guda da zai sake gudanar da komai daga farko.